Akwatin Sama

Babana ya yi shekara talatin da takwas yana rubuta Turanci, amma in ka tare shi a hanya ka yi masa tambaya da Turancin, murmushi zai yi maka ya ce, "Madalla." Ba ya jin sa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Aikinsa jera haruffa ne a wata ƙaramar maɗaba'a da ke bayan layin masu gyaran agogo, inda ake buga katin gayyata da takardun shaida da kanun wasiƙun ofisoshi. Mutanen layin Baba Mai Jeri suke ce masa.

Bari in ɗan kwatanta aikin, don yaran yanzu gani suke rubutu a cikin kwamfuta yake tsirowa. Kowane harafi ɗan guntun dalma ne mai tsawon gaɓar yatsa, siffar harafin tana bisa kansa a juye. Haruffan suna zaune cikin akwatunan katako biyu masu faɗi, kowanne an raba cikinsa gida-gida. Akwatin ƙasa yana daidai cikin mai aiki, nan ƙananan baƙaƙe suke. Akwatin sama yana bayan na ƙasan a jingine, sai ka miƙa hannu ka ɗaga kafaɗa kafin ka kai gare shi, nan kuma manyan baƙaƙe suke. Baba yana riƙe ƙarfen jeri a hannun hagu, na dama yana tsinto haruffa ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas, har layi ya cika. Ba ya duban akwatin. Idonsa na kan takardar da aka kawo, hannun ne ya san gidan kowa.

A makaranta bai wuce aji huɗu ba. Tsohon maigidan maɗaba'ar, Allah ya jiƙansa, shi ya koya masa inda Turanci yake son babban baƙi, kuma a hannu karatun ya zauna masa. Shi ya sa ba za ka ji Baba ya ce "a sa babban baƙi" ba, sai dai "hannu ya hau sama". Farkon magana, hannu ya hau. Sunan mutum, sunan gari, sunan ƙasa, sunan kogi, hannu ya hau. Ranakun mako da watanni ma haka. Amma rani da damina a ƙasa ake barin su, ko kallo ba su ishe shi ba.

"To Baba," na taɓa tambayarsa ina 'yar makaranta, "me damina ta yi musu da suka hana ta suka bai wa Talata?"

"Je ki tambaye su," in ji shi. "Mutanen da in za su ce 'ni' sai su ɗauko babban baƙi, in za su ce 'kai' su ɗauko ƙarami, ai kin san ba a cika bincike a kansu ba."

Rabin rayuwarsa gardama ce da masu kawo aiki. Kowa so yake a buga masa komai da manya, tun daga sunansa har lambar gidansa. Na taɓa ganin wani shugaban ƙungiyar direbobi ya yi kusan awa guda yana kumfar baki, wai a ɗaga duk wurin da kalmar shugaba ta fito a cikin takardarsa, wuri goma sha ɗaya. Baba bai daina jeri ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "in muƙamin yana manne da sunanka, zai hau sama. In shi kaɗai yake yawo a tsakiyar magana, ƙasa zai zauna. Takarda in ta cika da manya, ihu take yi, kuma ba wanda yake karanta ihu."

Mutumin ya tafi yana mita. Bayan mako biyu ya dawo da wani aikin, ya ce a yi masa irin wancan.

Doka ɗaya Baba yake da ita wadda ba ta da sassauci: ba mai taɓa akwatin sama. Ko Kawu Mai Inji, amininsa da suka yi shekara talatin suna shaƙar tawada tare, wanda shi ke buga duk abin da Baba ya jera, bai isa ba. Dalilinsa kuwa mai ƙarfi ne. In harafi ya faɗa gidan da ba nasa ba, hannu ba ya gani, sai an buga takarda ɗari kafin ido ya kama ɓarnar. Ni da kaina na sha bugun yatsu a kan akwatin nan ina ƙarama, kuma har yau ina ganin bugun ya fi ƙarfin laifin.

Inna kuwa, abin da ta sani a aikin shi ne tawadar da take fama da ita a wuyan riga duk ranar wanki. Ba ta yi boko ba. Ɗinki take yi a gida, kuma tana iya zura zare a allura tana kallon wani wurin. Kullum da rana takan kawo wa Baba abinci, ta tsaya a bakin ƙofa, ta miƙa wa Kawu kwanon, su gaisa, ta juya. Duk shekarun nan ba ta taɓa taka cikin ɗakin ba, ta ce warin wurin yana sa mata ciwon kai. Sai kuma wani abu da ba a faɗa a gaban Baba: Inna ta fi shi tsawo, kuma ba kaɗan ba. In wani cikinmu ya kuskura ya yi maganar, sai ya ce ɗaurin ɗankwali ne.

Da tsohon maigida ya rasu, ɗansa ya gaji wurin, muna ce masa Manaja. Ya zuba kwamfutoci a ɗakin gaba, aka tura akwatunan Baba da ƙaramin injin Kawu zuwa ɗakin baya, kusa da inda ake ajiye takardu. Abin da ya riƙe su shi ne wasu makarantu da suke son takardar shaidarsu ta fito da harafin dalma, irin wanda in ka shafa za ka ji ya ɗan nutse cikin takarda. Manaja ba mugu ba ne, a hannun Baba ya girma. Amma wata rana ya ce, cikin ladabi har da rusunawa, "Baba, duk ranar da ka ji ka gaji, ka faɗa mini kawai. Masu narka dalma sun daɗe suna zarya a kan akwatunan nan." Shi a ganinsa hutu yake yi wa tsoho tayi. Baba kuwa abin da ya ji shi ne, ranar da hannunsa ya gaza, ranar za a zuba haruffansa a tukunya.

Ni ce babbar 'yarsu. Sai da na haifi na biyu sannan na koma makarantar koyon aikin jinya, kuma tun ranar da na sa farar riga Baba ya raɗa mini Likita. A shekarata ta ƙarshe na fara lura da wasu abubuwa. Kofin shayi ya koma hannun hagu. An buga sabuwar ƙusa a bangon ɗakinsa, ƙasa da tsohuwar, nan yake rataye hula. Kawu kuma ya tare ni da ƙorafi, wai tsohon nan ya ƙara tsauri, yanzu ko wurin da ake iya ɗaga wa mutum ƙafa a ba shi babban baƙi, sai ya kafe ya ce a'a.

Ban yi wata-wata ba. Na same shi a tsakar gida, na kama hannunsa na dama na ɗaga a hankali. Yana kaiwa daidai kafaɗa ya cije leɓe, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun yaushe me?"

"Baba, ni kake ce wa Likita."

Ya ce wata huɗu. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi masa maganar da bai kamata 'ya ta yi wa uba ba. Washegari na tasa shi gaba zuwa asibiti. Likitan gaske ya ce kafaɗar ce ta sandare, za ta saki in an bi ta da gashi da motsa jiki na wasu watanni, amma da sharaɗin ya daina tilasta mata hawa sama. Muna fitowa Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in yi masa alkawari Manaja ba zai ji ba. Na yi, ina hararar ƙasa. Inna dai ta sani tun farko, ita ke gasa masa da ruwan zafi, ita ma an sa ta alkawari.

Ba a yi mako uku ba aiki ya zo, kuma daga makarantarmu. Takardun shaida ɗari biyu da goma sha huɗu, an riga an buga jikinsu, saura sunan kowa da layin da ke ƙarƙashinsa mai faɗin fannin da ya karanta. Ranar Litinin aka kawo, ranar Asabar za a karɓa. An haɗo da takarda goma ta rara ko da wata za ta lalace. Yawancin sunayen uku-uku ne, kowanne da babban baƙinsa. Kuma haruffan ba su da yawan da za a jera duka a lokaci guda, sai a jera goma, Kawu ya buga, a warware a mayar da kowane harafi gidansa, sannan a kama goma na gaba. Wato kowane babban baƙi hawa biyu ne, na ɗauka da na mayarwa. Na yi lissafin a zuciyata na ji kaina ya sara.

Ranar farko suna goma sha tara ya yi. Ya dawo gida fuskarsa ta yi fari fat, ko loma bai iya kaiwa baki da hannun dama ba.

Kawu ba makaho ba ne, ya gane. Washegari ya yi sammako ya riga Baba zuwa, ya sauke akwatin sama cak, ya shimfiɗa shi a kan wani teburi daga dama, daidai ƙugu, don kada amininsa ya ƙara ɗaga hannu. Niyyarsa mai kyau ce, kuma ni ma da na ji sai na ce ai shi ke nan an huta. Ashe ba mu san aikin ba. Baba ya tsaya a wurinsa, ya zo farkon suna, hannu ya tafi sama ya damƙo iska. Ya juya ga teburin, sai duk gidajen suka sauya masa wuri, abin da yake can nesa ya dawo kusa. Dole ya riƙa sunkuyawa yana dubawa kamar sabon shiga, in ya ɗan saki jiki kuma hannun ya ɗauko maƙwabcin wanda ake nema. Kafin hantsi takarda uku sun lalace. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mai Inji, na gode. Mayar mini da shi inda ka same shi."

Ranar ba ni da aiki a asibiti sai yamma, ina wurin. Na ce to ni bari in tsaya in riƙa miƙo masa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya matsa gefe kaɗan, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Sai na ba da kunya. Ni da na iya karatu, idona ya ƙi yarda da harafin da yake a juye, sai na tsaya ina juya shi a kaina kafin in miƙa. Ina ɗauko wannan a madadin wancan, shi yana tsaki, ni ina cewa ai ba ni na ƙera su a birkice ba. Takarda ta huɗu ta lalace a hannuna. Ya ce in je in zauna, na je na zauna a kan damin takardu ina huci.

A haka Inna ta iso da abinci. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar kullum, amma ba ta miƙa kwanon ba. Baba ya ba ta baya, hannunsa ya tashi rabi ya tsaya, saura kaɗan yatsun su kai gidan da yake nema sun kasa. Ta yi ta kallonsa. Sai kawai na ga ta tuɓe takalmi, ta shigo, ta ajiye kwanon a kan injin Kawu, ta gyara mayafi ta tsaya a damansa.

"Wanne kake so?" ta ce.

"Innarsu, ba a taɓa akwatin nan."

"Na ji. Wanne?"

Ni da Kawu muka dubi juna. Baba ya sauke hannun a hankali, ya yi nuni da haɓa. "Layi na biyu, gida na farko."

Ko ɗage ba ta yi ba. Ta sa yatsu biyu ta tsinto shi kamar allura, ta kawo kusa da ido. "Wannan mai kama da tsani?"

"Sunansa ba tsani ba ne."

"To ni tsani na gani. Sai wanne?"

Kafin la'asar ta raɗa wa fiye da rabinsu suna. Akwai bukka, akwai maciji, akwai guduma da ƙugiya da ƙwai. Akwai mai ciki ɗaya da mai ciki biyu. Akwai haƙorin zarto, da wani da ta ce mai rawa ne don ya ɗaga ƙafa ya miƙa hannu. Juyewar da ta hana ni sakat ita ba ta dame ta ba, tunda ba ta taɓa sanin su a miƙe ba balle ta ga sun birkice. Siffa ta riƙe da gida. Da farko Baba yana ta faɗin sunayensu na gaskiya, ita tana yi kamar ba ta ji ba. Can sai muka ji shi da bakinsa ya ce, "Mai ciki biyu." Kawu ya shige bayan inji yana tari, wai ƙura ce ta shaƙe shi.

Ranar suka yi suna talatin da ɗaya. Washegari Inna ta rufe keken ɗinkinta, ta gaya wa masu kaya su yi haƙuri sai wani makon, ta biyo Baba tun da safe da kwanon abincin a hannu.

Abin ya zama abin kallo. Shi yana ta ƙas-ƙas a ƙasa, ita hannunta na shawagi a sama, tana jin ya saka ɗan ƙarfen nan marar fuska da ke raba kalma da kalma sai ta shirya. Amma a layin da ke ƙarƙashin suna ba kowace kalma ake ɗagawa ba, sai ta ga ya wuce wata bai kira ta ba.

"Malam, ka tsallake ni."

"Ban tsallake ki ba. Wannan 'yar ƙaramar kalma ce, haɗa na gaba da na baya kawai take yi. A kan layi irin wannan, masu nauyin ake ɗagawa, ita a bar ta."

"Ita ke riƙe da su, kuma ita aka bari a ƙasa?"

"Haka suka tsara."

"Allah ya kyauta," in ji Inna. "Ashe har a rubutu."

Na ga Baba yana murmushi a ɓoye. Shekara da shekaru yana yi mana wannan karatun muna hamma, sai ga shi ya sami ɗaliba mai ja masa magana. Daga nan ya buɗe baki, ya kawo zancen ranaku da watanni, ya kawo na damina, har da na "ni" da "kai". Inna ta ce wannan kam ba sai an je ƙasarsu ba, ta san masu irin halin a cikin gidanta.

Ranar Alhamis da hantsi Manaja ya leƙo ɗakin baya. Na zo kawo maganin shafawa ke nan, don haka a idona aka yi. Ya tsaya turus ganin mace a gaban akwatin da shi kansa bai taɓa sa wa hannu ba. Kawu ya tsayar da inji. Na san Baba yana iya ƙirƙiro wata hujja, kuma na san bai iya ƙarya ba.

Ya ajiye ƙarfen jeri. "Kafaɗata ce," ya ce. "Wata biyar ke nan. Na ɓoye maka, ban kyauta ba. Likita ya ce za ta saki, amma ba yau ba. Akwatin sama yanzu a hannunta yake."

Manaja ya ƙaraso ciki. Ya ɗauki takarda ɗaya daga cikin waɗanda suka bushe, ya kai bakin taga, ya duba, ya shafa da yatsa. Ya ɗauki ta biyu da ta uku. Sannan ya tambayi Kawu nawa suka rage, Kawu ya ce ɗari da goma sha ɗaya.

"Baba, ranar Asabar da azahar za su zo," ya ce. "In an gama, ba ni da ta cewa. In ba a gama ba, dole in ƙarasa da kwamfuta, kuma in suka karɓi na kwamfuta sau ɗaya, ka san ba za su sake neman wannan ba."

"Na sani."

Ya fita. Jim kaɗan sai ga shi ya dawo ɗauke da kujerar ofishinsa mai juyawa, ya ajiye wa Inna. "Mama, ki riƙa hutawa. In ya yi miki faɗa kuma, ki kawo mini ƙararsa." Inna ta yi godiya, ta ninke mayafinta ta ɗora a kan kujerar, ta koma tsayuwarta. Har aka gama aikin mayafin ne yake zama a kai.

Sauran kwanakin ban ga an yi wata hira ba. Yatsun Inna suka yi baƙi ƙirin, ita da take yi wa tawada kallon abokiyar gaba. Ƙafafunta suka kumbura, na ce ta zauna ko na minti goma ne, ta ce in kula da majinyatana. Takarda biyu suka ƙara lalacewa, ɗaya laifinsa ɗaya nata, kuma kowa ya amsa nasa ba gardama, abin da ban saba gani ba a gidanmu. Ana cikin haka Baba ya ja ni gefe ya ce kada in gaya wa Inna takardun wace makaranta ce. Ita dai ta san na wasu ɗalibai ne. Sunana yana tsakiyar jerin, amma ya sa fensir ya zagaye shi ya tsallake.

Ranar Asabar na karɓi izini na zo. Ƙarfe goma sha biyu saura aka buga goma na ƙarshe, aka warware, Inna ta mayar da manyan gidajensu. Ta fara goge hannu da tsumma.

"Saura ɗaya," in ji Baba. Ya ɗauki ƙarfen jeri. "Tsani."

Ta miƙo. Ƙas, ƙas, ƙas.

"Maciji."

Ta miƙo.

"Bukka."

Ya ƙarasa layin, ya ɗaure, ya ba Kawu. Kawu ya saka takardar, ya ja hannun inji sau ɗaya, ya zaro ta ya miƙa wa Baba. Baba ya duba ta fiye da yadda ya duba sauran, sannan ya juya ga Inna.

"Riƙe ta gefe-gefe, tawadar ba ta bushe ba. Kin san ta wace ce?"

"Ina zan sani, Malam?"

Ya nuna ni da haɓa, yadda ya nuna mata gidan farko ranar Talata.

Inna ta dubi takardar, ta dube ni, ta sake duban takardar. Shekara talatin da ɗaya da ta haife ni, ba ta taɓa ganin sunana a rubuce ta gane shi ba. Ta kai yatsa kusa da layin ba tare da ta taɓa ba, tana bi a hankali. "Tsani," ta ce. "Maciji. Bukka." Ta ɗago kai. "Waɗannan ukun ni na ɗauko su."

"Ke kika ɗauko su," in ji Baba. "Ƙananan ne nawa."

Ni da nake taƙamar ba na kuka a gaban mutane, ranar na yi, kuma ban ji kunya ba. Daɗi ne ya cika ni har ya rasa wurin fita. Kawu ya sake shigewa bayan inji, wannan karon bai ce ƙura ba ce. Inna ta miƙa mini takardar ta ce in riƙe da kyau, sannan ta ce a warware layin ta mayar da su kada su ɓata.

Mutanen makaranta suka zo da azahar suka kwashi kayansu, tawa ma ta bi su, sai ranar bikin yaye mu aka damƙa mini ita a hukumance. Manaja bai sake ambaton masu narka dalma ba. Takardar tana rataye a ɗakina cikin gilashi. Baƙi in sun zo hatimin suke dubawa, ni kuwa layin sunan nake kallo.

Shekara biyu ke nan. Inna ta raba ranarta, safiya a maɗaba'a, yamma a kan keken ɗinki, kuma mutanen layin masu agogo sun fara ce mata Inna Mai Sama. Baba har yanzu cewa yake kafaɗar ba ta gama saki ba, in an tambaye shi sai ya yamutsa fuska ya ɗan dafa ta. Amma ni ma'aikaciyar jinya ce. Tun bara na ga hularsa ta koma kan tsohuwar ƙusa ta sama, kuma na ga hannun da yake rataye ta da shi. Ban ce masa komai ba. Na tabbata Inna ma ta gani, ita ke share ɗakin.

Shekaranjiya na bi ta wurin da hantsi. Tun daga ƙofa na ji ƙas-ƙas ɗin ya tsaya, na ji ya ce, "Guduma." Hannunsa na dama yana ajiye a gefen akwatin ƙasa lafiya lau, yana jiran ta miƙo masa.